Shekarar da Mota Ta Sha Man Gyaɗa

Na san abin da kuka ji game da shekarar da gidanmu ya wayi gari babu irin gyaɗa. Kun ji shi a bakin gwaggonninku, kun ji shi a bakin rijiya, cewa na fasa rumbun kakanku ba ya nan, na sayar wa wani direba abin da ke ciki. Rabin maganar gaskiya ne. Na fasa rumbun, kuma ba da izininsa ba. Amma ko dala ba ta shiga hannuna ba, kuma abin da idona ya gani a ranar ya fi ƙarfin a bar shi a bakin masu gulma. Shi ya sa na zauna da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci, mai karkace-karkace, in faɗa maku yadda aka yi tun ina da sauran hankalina.

An kawo ni Gazawa daga ƙauyenmu na ƙasar Gidan Rumji, nan kusa da Tibiri, a damanar da aka ce Nasara ya sauka daga mulki. Ban fi wata biyu a ɗaki ba aka yi shela kowa ya fita filin kasuwa. Muna tsaye a bayan maza aka ja tutar da muka saba gani aka saukar, aka ɗaga wata sabuwa mai rana a tsakiya. Sabon kumandan mai mulkin yankin, baƙar fata irinmu, ya hau tebur ya yi magana da wata Hausa mai nauyi a harshe. Ban riƙe komai daga jawabinsa ba sai abu ɗaya: ya ce ƙasa ta zama tamu, kuma ba ta da teku, ba ta da zinariya, gyaɗa ce arzikinta, don haka duk wanda ya shuka gyaɗa ya yi wa ƙasa aikin soja. Kakanku, wanda duk gidan muke kira Baba, ya ɗauki maganar nan ya riƙe ta da hannu biyu. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda bai taɓa yarda da Nasara ba, amma ya yarda da wannan tuta tun ranar farko. Kowace kaka ya kan tsaya a kasuwa yana kallon buhunan gyaɗa an tsiba su sun fi masallaci tsawo, manyan motoci, kamiyo muke ce masu, suna zuwa suna kwasa suna yin kudu inda jirgin ƙasa yake, ya dawo gida ya ce da makarantu da asibitoci duk suna cikin buhunan nan.

Irin da yake shukawa ba na kasuwa ba ne. Daga ubansa ya gaje shi, kuma kowace shekara shi da kansa yake zaɓen ƙwanson da ya cika, ya zuba a wani ƙaramin rumbun laka a bayan ɗakinsa, ya liƙe bakin da taɓo, ya danna tafin hannunsa a kai. Ba mai taɓa wannan rumbu har ruwa ya sauka. Ko babanku, da yake ɗansa na fari, bai taɓa leƙa shi ba.

Ni kuwa sana'ata mai da ƙuli-ƙuli, da ita na zo daga gidanmu. A soya gyaɗa, a murje, a fece, a daka har ta zama tunkuza, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya har mai ya taso ya kwanta a sama. Tun ina yarinya nake yi, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Man miya ne, man suya, man shafa wa jariri.

Shekara bakwai ko takwas da ɗaga tuta, yaƙi ya ɓarke a Najeriya. Mu ba mu ji ƙarar bindiga ba, amma mun ji yaƙin a cikin gidajenmu. Aka cika iyaka da jandarma da 'yan duwan masu binciken kaya, hanyar Katsina da muke bi kamar hanyar gona ta zama sai da tambaya. Kananzir ya yi wuya har muka koma fitilar aci-bal-bal. Gishiri ya yi wuya. Daga baya gazuwal, man da manyan motoci suke sha, ya ɗauke ɗif. A lokacin ne na fara sanin cewa duk motar da ke tafiya a ƙasarmu, abin da take sha daga ƙasar wasu yake fitowa, kuma in wasu suka yi faɗa a inda ba mu taɓa zuwa ba, motarmu ce za ta tsaya. Wata kamiyo ta wani ɗan kasuwar Maraɗi ta shigo Gazawa da ɗan sauran mai a cikinta, ta tsaya ƙarƙashin gawon bakin kasuwa, ba ta sake motsi ba. Direbanta tsohon soja ne, ana ce mashi Kafaran Ali, ya haura hamsin, da tabo a goshi. Ya shimfiɗa tabarma a inuwarta ya zauna jiran mai, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Yana sayen ƙuli-ƙuli a wurina ranar kasuwa. Wata rana ya ɗaga kwalbar maina ya duba ta a hasken rana, ya ce mani a lokacin babban yaƙin Nasara, da aka toshe teku, da irin wannan suka riƙa tuƙa motocin soja a hamada. Na yi dariya, na ce Baba Kafaran ya cika ba'a. Bai yi dariya ba. Ya ajiye kwalbar ya ce in tambayi duk wanda ya yi soja a arewa.

Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo gari. Ku ba ku san shi yadda muka san shi ba. Yaro zai tashi lafiya da safe, da hantsi ya ce kansa, kafin la'asar wuyansa ya sandare, bayan kwana biyu a fita da shi a tabarma. Shi ya ɗauke mani yayarku ta fari, Sa'a, shekara uku kafin nan, a kan cinyata, ina kallo ba abin da zan iya. A wannan karon babban ma'aikacin likitan garin, wanda ake kira majo, ya sa aka kafa rumfunan zana a bayan gari aka riƙa kai marasa lafiya can. Ya yi allura har maganinsa ya ƙare. Ya aika da mai doki Agiye, aka ce su ma haka suke, magani yana Maraɗi, kuma motar da za ta kawo shi ba ta da mai. A gidanmu Allah ya tsare, ba wanda ya kamu. Ciwon ya fi yin ƙarfi a unguwar gabas, inda Fulanin da suka daina yawo suka zauna suna noma. A can ƙawata Dudu take, wadda muke musayar nono da ƙuli-ƙuli tun ina amarya, wadda ta yi mani zaman kwana bakwai da Sa'a ta rasu. Ranar wata Talata da asuba aka ce mani an kai 'yarta Jabu rumfa.

Na je na tsaya daga bakin zana. Dudu tana zaune ta tallabe kan yarinyar, ta ɗago ta dube ni. Na san kwanciyar nan, kan ya lanƙwashe baya, idanu ba sa son haske. Daga nan ban koma gida ba, na miƙe gindin gawo. Na tambayi Kafaran ko maganar da ya yi mani rannan gaskiya ce. Ya ce gaskiya ce. Na ce mai nawa zai kai shi Maraɗi. Ya tashi ya nuna mani wani tano, wato gangar ƙarfe ta zuba mai, ya sa yatsa a wajen kashi ɗaya cikin ukunsa.

"Nan zai kai mu," in ji shi. "Amma ɗiyata, ina za ki samu gyaɗar da za ta ba da wannan a bazara? Kowa ya sayar. Abin da ya rage a garin nan iri ne."

Na san haka tun kafin ya faɗa. Babanku ba ya nan, ya tafi cin rani can wajen Tasawa. Na samu Baba a zaure yana ɗaura wa jakinsa kaya, zai tafi ta'aziyya wani ƙauye a hanyar Agiye. Ni da ban taɓa yi mashi magana ba sai gaisuwa daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mashi komai, kaina a ƙasa. Ya saurare ni har na gama. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya ji tausayin mutanen, kuma zai yi masu addu'a, amma rai ashirin ne suke ci daga wannan rumbu, kuma bai taɓa jin an zuba abin miya a cikin ƙarfe ya tashi ba. Ya ce in motar ba ta tashi ba fa, mun rasa iri, su ma sun rasa rai.

"Baba, in ta tashi fa?" na ce.

"Tashi ki shiga gida, Habsu."

Ya hau jakinsa ya tafi. Ina so ku san wannan: ba mugunta ce ta sa ya hana ba. Maganarsa daidai ce ta kowace fuska, ni ma na san daidai ce. Na shiga gida na zauna a bakin murhu, na ce a raina shi ke nan, na yi iya yina. Sai dai na kasa zama. Duk inda na juya, kan yarinyar nan nake gani ya lanƙwashe baya. Na ɗauki taɓarya na zagaya bayan ɗakin Baba. Kakarku, Inna, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga taɓarya a hannuna, ta ga inda na nufa. An ce da ita muka haɗa baki. Ba haka ba ne. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki ta saki asabari. Na tsaya gaban rumbun ina kallon sawun tafin hannun Baba a jikin taɓo, yatsu biyar a fili. Na yi bisimilla na buga.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na aika gida-gida cewa duk macen da ke da turmi ta fito da shi gindin gawo. Na zaci goma za su zo. Kafin hantsi ya ɗaga filin ya cika. Matan malamai da ba sa fita da rana sun fito da mayafi. Matan Fulani sun zo da itace a kai. Wasu sun zo da tiya ɗaya ta irin gidansu a ɓoye cikin zane, wata tsohuwa ta kawo kwalbar man miyarta rabi. Aka rarraba aiki ba tare da wani ya raba ba: tsofaffi suna ɓara, wasu suna suya a manyan kasake, wasu suna murza suna fecewa, majiya ƙarfi suna daka. Turame sun fi talatin suna tashi lokaci ɗaya, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. Ba waƙa, ba guɗa. Ni da wasu mata huɗu da suka iya sana'ar muka zauna kan tunkuza muna juyawa, hannuwanmu suna salewa da ruwan zafi. Maza suka taru daga nesa suna kallo, wasu suna cewa mata sun haukace. Liman ya zo ya tsaya, ya daɗe, sannan ya tura a ɗauko babbar tukunyar da ake dafa abincin sadaka a gidansa.

Kafaran ya zama wani mutum daban. Ya tuɓe rigarsa ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito baƙi ƙirin, yana ba da umarni kamar yana bariki. Ya ce man da muke matsewa akwai ruwa a ciki, sai an ɗora shi a wuta har ya daina ƙara. Ya ce a tace shi sau uku. Ba mu da ƙyallen da ya ishe shi, liman ya kwance rawaninsa fari ya miƙa. Majo ya kawo ɗan kananzir ɗin da ya rage mashi na fitila, Kafaran ya zuba a ciki ya juya da sanda don man ya saki jiki. Ya ajiye tanon a tsakiyar rana ya hana kowa ya yi mashi inuwa. Da azahar ta wuce mai ya kai inda ya sa yatsa, har ya ɗan haura.

Ya tashi injin da ɗan ragowar gazuwal da ya tsiyaye a kwano. Motar ta yi tari, ta kama. Sai ya juya wani ɗan ƙarfe, ya ce yanzu namu take sha. Muka kasa kunne. Ƙarar ta sauka, ta yi rauni, ta riƙa tsinkewa, motar tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Na tuna maganar Baba, na ga rumbun a fashe. Kafaran ya dafa jikin motar da tafin hannu yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban san da wane yare ba. Can sai ƙarar ta daidaita. Ta yi kauri, ta zauna, ta ci gaba ba tsinkewa. Hayaƙi ya fito ta baya, fari-fari, iska ta kaɗo shi kanmu, sai ga ƙamshin suya ya cika kasuwa, ƙamshin da kowace mace a wurin ta sani tun tana goye.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin da na ji ba. Wannan ƙarfe da aka ƙera a ƙasar da ba zan taɓa gani ba, da muke matsawa gefen hanya in ya taho, da muke zaton abincinsa ma wani sirri ne na Nasara, ga shi yana numfashi da abin da ya fito daga gonar Baba, ta turmina, ta hannuna. Ashe ƙarfin da ke jan kaya daga nan har Kano yana kwance a cikin ƙwayar da nake ba yara su tauna. Ruwan sama da ranar bara da gumin babanku, su ne suke kaɗa wannan inji. Na dubi tafin hannuna da ya sale, na ji tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a masallacin idi. Wata tsohuwa kusa da ni ta durƙusa ta kafa goshi a ƙasa. Liman, kansa ba rawani, yana ta maimaita tasbihi.

Aka shimfiɗa zana da yashi mai laima a bayan motar, aka ɗauko waɗanda majo ya ce za su iya jure hanya. Dudu ta riƙe mani zane ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba, Kafaran kuma ya ce yana son wadda ta san mai a kusa. Haka na hau mota karo na farko a rayuwata, ba izinin miji, ba izinin suruki, da tunkuza a farce. Itatuwa suka riƙa gudu suna komawa baya. Mun wuce Agiye mutane suna fitowa suna kallo, don an yi makonni ba su ga mota a hanya ba. Gaba kaɗan injin ya shaƙe ya tsaya. Kafaran ya kwance wani abu kamar kofi, ya nuna mani yadda garin gyaɗa ya toshe shi, ya wanke, muka sake tace sauran man da kallabina, ni ina riƙe yana zubawa. A wannan tsayawar ne wani dattijo daga cikin marasa lafiya ya cika. Ɗansa ya rufe mashi fuska, ya ce a ci gaba.

Mun shiga Maraɗi ana kiran magariba. A ƙofar asibiti na ga wata fitila a rataye cikin kwalba, ba lagwani, ba hayaƙi, iska tana kaɗawa ba ta mutuwa. Na tsaya ina kallonta har aka ture ni da gadon ɗaukar marasa lafiya. Na tambayi Kafaran me take ci. Ya nuna mani wani ɗaki can gefe inda wani inji yake ruri, ya ce ita ma gazuwal take sha, kuma an ce na kwana kaɗan ya rage masu.

"An ba mu tuta, ɗiyata," ya ce, "amma abin da ke kunna wannan yana hannun wasu. Yau dai kin ga na hannunmu."

Babban likita, da ya ji da me muka zo, ya fito da kansa ya buɗe tankin ya sansana, ya kira wasu suka zo suka sansana. Washegari aka ba Kafaran gazuwal daga ajiyar gwamnati, aka haɗa mu da akwatunan magani da ma'aikata biyu. Cikin waɗanda muka kai, biyu sun rasu a can, sauran sun tashi. Jabu ta tashi, sai dai kunnenta ɗaya bai ƙara ji ba. Ita ce kuka sani da Yaya Jabu mai juyo maku da gefen dama in kuna magana. Maganin da muka komo da shi kuwa, majo ya ce shi ya tsayar da ciwon a unguwar gabas.

Na tarar da Baba ya dawo. Yana zaune a gaban rumbun, an share ɓaraguzan taɓon an tara gefe. Na durƙusa. Bai dube ni ba. Inna ya kira, ya ce ta faɗa wa matar ɗansa ta je ta ga iyayenta. Bai ce saki ba, ba shi da ikon cewa, amma kowa ya gane. Na goya Isa, wanda yake babbanku yanzu, na bi 'yan kasuwa har ƙasar Gidan Rumji. Mahaifina ya ji labari ya ce da shi ne ma abin da zai yi ke nan, mace ba ta fasa rumbun surukinta ko gari zai ƙone. Mahaifiyata ta bari sai da muka keɓe, sannan ta ce in sake faɗa mata yadda motar ta tashi, kuma in faɗa a hankali.

A can na yi damana. A Gazawa ruwa ya sauka, gonar gyaɗar Baba, wadda ta fi kowace gona a yankin kyau, ta kwana ba shuka, daga baya aka watsa mata gero a makare. Mutanen gari sun kawo abin da suka iya, amma kowa irinsa daidai gonarsa ne, kuma Baba ya ƙi karɓar na kasuwa, ya ce ba irin ubansa ba ne. Daga baya, da rani ya zagayo, Fulanin unguwar gabas suka kai shanunsu suka kwana a gonakinsa rani guda don taki, ba su nemi komai ba. Amma a kakar shekarar nan gidan ba abin kai wa kasuwa, ga bakuna ashirin. Aka sayar da jakin, aka sayar da gonar fadama. Irin da ya gada kuwa ya tafi ke nan har abada. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Babanku ya zo biko bayan girbi. Mun zauna a zauren mahaifina, ya daɗe yana wasa da bakin rigarsa. Na zaci faɗa zai yi. Ya ce ya je ya ga Kafaran, ya sa ya nuna mashi inda aka zuba man. Ya ce ba zai ce na yi daidai ba, don ubansa ne, kuma ba zai ce na yi kuskure ba, don ya ga Jabu tana wasa a ƙofar gida. Sannan ya gaya mani ana ɗibar ma'aikata zuwa arewa, bayan Agadas, inda aka gano wani dutse da Nasara suke so, wanda aka ce yana ba da wutar da ta fi ta gazuwal, har manyan ƙasashe suna tsoron juna a kansa. Ya ce ya ba da sunansa, don gidan ya tsaya da ƙafarsa. Ya mayar da ni ɗakina, bayan kwana tara ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haƙar dutsen nan, yana zuwa mana sau ɗaya a shekara. An ce dutsen yana haska birane a ƙasar Nasara. Mu dai da aci-bal-bal muka yi ta jiransa. Da ya dawo gaba ɗaya ya dawo da tarin da kuka san shi da shi. In kuna neman abin da ranar nan ta ci mani, to ga shi: ƙuruciyar babanku, da ku da kuka girma kuna ganinsa kamar baƙo. Na sha zama in auna, har yau ban gama aunawa ba. Abin da na sani shi ne, da an mayar da ni bakin zanan nan in ga kan yarinyar a lanƙwashe, da na sake ɗaukar taɓarya.

Baba bai yi mani magana ba shekara biyu cur. Ina gaishe shi safe da yamma, ya amsa wa iska. Ina kai mashi tuwo, ya ci, ya turo kwano. A shekara ta biyu, da abin da babanku ya aiko, ya yi tafiya har wani ƙauye a ƙetaren iyaka inda ya ji ana da iri mai kama da na ubansa, ya sayo buhu ɗaya. Ya sake gina bakin rumbun, ya liƙe.

Ranar da aka yi ruwan shuka na fari, da hantsi, ina bakin ɗakina ina tsefe wa Rabi, ƙanwar Isa, kai, sai na ga inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai. Baba ne, da masaki cike da gyaɗa a hannunsa. Ɓarar iri aikin Inna ne tun kafin a haifi babanku, kuma tana nan zaune a ƙofar ɗakinta, lafiyarta lau, tana kallonmu. Ya sunkuya da ƙyar, don bayansa ya fara ciwo, ya ajiye masakin a gabana.

"Habsu," ya ce, "ki ɓare wannan. Gobe za mu shuka."

Ya juya ya tafi. Na sauke Rabi daga cinyata, na wanke hannu, na jawo masakin. Na ɓare ta ƙwaya-ƙwaya har la'asar, hawaye suna ɗiga a kan ɓawon, ina ware masu ƙwari gefe. Da na gama na kai mashi zaure. Ya zuba hannu ya ɗebo, ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce in ajiye a nan.